Zaren da Na Yanke a Akwatin Yaya Ma'azu

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Ma'azu makwancinsa a maƙabartar da ke bayan unguwarmu a nan Tamanrasset. Duk shekara idan watan ya kewayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in sake ajiyewa, domin shi ne mai rubutu a gidanmu. Ni ɗan kasuwa ne, abin da na iya shi ne awon yadi da yaba wa mata launin atamfa. Bana dai na duba na ga ba ni da sauran uzuri. Akwai wani laifi da na yi masa bayan ransa, kuma ba za ku san irin mutumin da nake magana a kansa ba sai kun ji laifin.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a wani ƙauye na ƙasar Damagaram aka haife mu, ya ba ni shekara shida. Shi aka sa lekkol, wato makarantar boko, ni aka sa ni bin Baba kasuwa, kuma kowa ya dace da inda aka kai shi. Ya yi karatu har jami'a, ya koyar da yara wasu shekaru, sannan ya koma ya zurfafa a fannin da ya sa dangi suka riƙa yi masa kallon mai taɓin hankali, wato nazarin waƙa. Abin da ya sa a gaba shi ne waƙoƙin bege da na zikiri da ƴan ɗariƙa ke yi a zawiya, da waƙoƙin da mata ke yi a bakin dutsen niƙa da turmi, da na masu jan ruwa a rijiya, da na lallashin jariri. Kawunmu ya taɓa tambayarsa a gaban mutane ko duk karatun nan an yi shi ne don ya zauna yana sauraron gunagunin tsofaffi. Yaya ya yi dariya, ya ce wa Kawu ya daure ya yi masa gunaguni ɗaya ya ɗauka.

Ni na riga shi zuwa Aljeriya. Na buɗe kantina na yadi da rawuna da zare da allura, na fara tsayawa da ƙafata, sai ya aiko cewa zai zo ya yi mini sati biyu. Sati biyun nan su ne suka zama shekara ashirin da biyu. Abin da ya riƙe shi, wata Juma'a da la'asar na kai shi zawiyar mutanenmu na Nijar, ya ji wani tsoho yana jan bege da wata irin murya. Bayan kwana uku aka gayyace mu bikin maƙwabtanmu Abzinawa, mata suka kewaye tande, turmin nan da suke ɗaure wa fata su mai da shi ganga, sai ga wannan muryar dai, kalmomin ne kawai suka sauya. Ya damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Ni ban ji komai a waƙar ba, tunanina yana kan abincin da bai fito ba.

Daga ranar ya kama bin sawun muryoyi. Ra'ayinsa, wanda ya rubuta a littafi ɗaya da Faransanci da wani ƙarami da Hausa, shi ne cewa yawancin muryoyin da ake yabon Manzon Allah da su a zawiyoyi, idan ka bi su baya-baya, za ka iske su a bakin wata uwa tana niƙa ko tana rarrashin goyonta, kuma sun bi hanyar ayari sun tsallake hamada sau da yawa, zuwa da dawowa. Wannan magana ta jawo masa surutu. Wasu malamai suka ce ya haɗa zikiri da kiɗan mata, har biyu daga cikinsu suka zo kantina su ce in ja masa kunne, kamar ni ne babba. Da na gaya masa, bai yi fushi ba. Ya ce mutum ba shi da wata muryar ƙauna sai wadda aka fara nuna masa ƙauna da ita, to da wace kuma ake so ya yabi Annabi? Ya je da kansa ya gaishe su, ya zauna a ƙasa, ya sha shayinsu. Ɗaya ya sauko, ɗayan har ya mutu ba ya amsa masa gaisuwa da sakin fuska, kuma Yaya bai fasa gaishe shi ba.

Mutanen jami'a su ma ba su bar shi ba, nasu ƙorafin shi ne jinkirinsa. Gaskiyarsu ne, domin ban taɓa ganin mai nawar aiki irin Yaya ba. Zai hau bayan kamyo, babbar motar kaya, ya yini yana girgiza a kan duwatsu har Tazrouk ko Silet ko Tahifet, ya isa gidan wadda aka ce ta iya waƙa, ya kai shayi da sukari, a yi hira a kan awaki da ruwan lambu, ya dawo bai fito da rakoda daga jaka ba. Zuwa na biyu zai taya su gyaran hanyar ruwa ko tsinkar ɓaure. Sai a zuwa na uku yake tambaya, in an yarda. Ya koyi Tamashak, yaren Abzinawa, amma da harshen Damagaram yake furta ta, matan su yi ta ƙyaƙyata dariya suna rufe baki da mayafi, shi kuma bai taɓa gyarawa ba. Ina zargin ya gane dariyar nan ce ke buɗe masa ƙofa.

Duk lokacin da zai yi tafiya sai ya biyo ta kanti ya ɗauki zare kala uku, fari da kore da baƙi. Shekara da shekaru yana haka. Wata rana na ce masa, "Yaya, tela ka koma ne ba mu sani ba?" Ya ce, "Habu, ka zo wata rana ka zauna, in nuna maka abin da nake yi da shi." Na ce to. Gidansa da nawa katanga ɗaya ce ta raba, amma wata ranar nan ba ta zo ba, domin kullum ina da mai jirana a kanti, kuma a can ƙasan raina ina ganin aikin nasa wasa ne na masu ilimi.

Sau ɗaya na taɓa gaya masa magana mai ɗaci a kan aikin. Ranar da aka aiko mana da rasuwar Inna ce, da hantsi, an riga an rufe ta kafin labarin ya iso. Na rufe kanti na tafi gidansa, na zauna a kan benci ina kuka kamar ba ni da furfura. Na ce da ma in sake jin muryarta ko sau ɗaya. Sannan baƙin ciki ya juye mini zuwa faɗa, na ce masa ya cika akwatuna da muryoyin matan duniya, amma bai yi tunanin ɗaukar ta uwar da ta haife shi ba. Ya tashi ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito hannu wofi, ya hura gawayi ya dafa mana shayi. Na jima ina riƙe da wannan shirun nasa a matsayin taurin zuciya.

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, cikin sanyin duwatsun nan da bai taɓa sabawa da shi ba. Bai yi sati uku a kwance ba. Da matarsa Hadiza ta fita takaba, ta shirya komawa gida da ƴaƴansu mata, ta kira ni ta nuna mini akwatunan ƙarfe guda uku, cike da kaset-kaset, ta ce ba za su jure hanya da binciken dowan na kan iyaka ba. Ta ce, "Habu, ga amanar yayanka." Na amsa da kai, irin amsar da mutum ke yi idan an ce masa ya gaida gida. Na tura akwatunan ƙarƙashin gado, suka yi shekara huɗu a nan.

Abin da ya sa na fito da su, wata rana na ambaci sunansa a gaban samarin Nijar masu aikin gini da ke zuwa kanti sayen rawani, babu ko ɗaya da ya san shi. Abin ya yi mini ciwo. Na ce mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan kamyo ba zai ɓace haka ba ina raye. Na jawo akwati na farko na buɗe. Kowane kaset yana cikin gidansa, da ƴar takarda mai sunan mai waƙa da garinsa, kuma an naɗe shi da zare an ƙulle. Zaren ya sha ƙura, wani ya tsufa, wani ya sarƙe da na kusa da shi, wasu ƙulle-ƙullen ma ba su da kyan gani. Ni kuwa mai sayar da zare ne, ba abin da na tsana kamar zare a hargitse. Na ɗauka Yaya ya ɗaure su ne don kada murfi ya buɗe a hanya. Na ɗauko almakashi na bi layin sama duka, kusan guda arba'in, na yanke, na goge kowanne da tsumma, na jera su tsaf, har ina yaba wa kaina. Guntayen zaren na zuba a gwangwanin shayi, don hannuna bai saba zubar da zare ba.

Na zaɓi goma na kai wa Sale, wani Bamarade mai gyaran waya a bakin kasuwa, ya juye su a ɗan katin da ake sa wa salula. Duk wanda ya shigo kanti sai in tura masa, in ce ga aikin yayana. Makonni na yi ina jin daɗi. Kana wucewa ta wurin gini sai ka ji bege na tashi daga aljihun mai kwaɓa siminti. Waƙa ɗaya ce ta fi yaɗuwa, muryar wata tsohuwa ita kaɗai, ba tande ba goge, tana jan wani suna tana maimaitawa. Ban san Tamashak sosai ba, na dai ji tana da daɗi. Can wani ya ɗora mata kiɗan inji, ta shiga motoci da shagunan aski.

Wata safiya wata mata ta yi sallama a kanti, za ta kai shekara hamsin, sanye da baƙin mayafi irin na mutanen duwatsu. Ba ta taɓa yadi ko ɗaya ba. Da Hausa ta yi magana, Hausar mutanen Agadas.

"Kai ne ƙanen Malam Ma'azu?"

"Ni ne, Hajiya. Bismilla, ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Sunana Fatimata, daga Tahifet. Jiya na shigo gari ganin likita, na hau taksi, sai na ji uwata tana kiran wana da ƙishirwa ta kashe a hamada. Direba yana kaɗa kai, yana buga sitiyari da yatsa." Sannan ta ƙara da cewa, "Waƙar nan ko maƙwabta ba su taɓa jin ta ba. Uwata ta yi wa Malam ita ne don jikokinta su san sun yi kawu. Da hannunta ta ɗaura koren zare, ina zaune a wurin."

Na ce, "Wane zare?"

A duk maganganun da suka taɓa fita daga bakina, babu wadda nake jin kunyarta kamar wannan. Matar ta dube ni, ba da fushi ba, da irin kallon da ake yi wa wanda aka ba shi riƙon jariri ya ajiye a rana. Ta ce in tambayi wanda ya sani, ta juya ta fita.

Nan take na kira Hadiza a Damagaram. Da na gama bayani ta yi salati a hankali, ta ce, "Habu, yanke su ka yi?" Sannan ta gaya mini abin da Yaya ya so ya nuna mini shekara ashirin. Yawancin waɗanda yake ɗauka ba su iya karatu ba, takardar yarda ba ta da wata ma'ana a wurinsu. Saboda haka idan an gama waƙa, sai ya shimfiɗa zare uku a gaban mai waƙar, ya ce ya zaɓa ya ɗaura da hannunsa. Fari, kowa yana iya ji. Kore, na gida ne, dangin mai waƙa kawai, ko ƴan zawiyarsa in zikiri ne. Baƙi kuwa a ajiye, kada a goge, kada kuma kowa ya ji, har shi Yayan. Bai rubuta launin a ko'ina ba, domin a ganinsa ƙullin da mutum ya yi da yatsunsa ya fi rubutun wani ƙarfi. Waɗancan munanan ƙulle-ƙullen da suka ɓata mini rai, hannuwan tsofaffi masu karkarwa ne suka yi su.

Na ruga wurin Sale na ce a goge. Ya goge na wurinsa, ya ce mini, "Alhaji, wanda ya riga ya fita ya yi ƙafa, ba mai kamo shi." Gaskiya ya faɗa. Har yau, shekara biyar bayan haka, nakan ji waƙar nan ta wuce a mota, kuma duk sanda na ji sai laifin ya dawo mini sabo. Sauran taran da na fitar, Allah ya rufa mini asiri, daga baya na gano takwas farare ne, ɗaya kuma zikirin wata zawiya ne da suka yafe mini bayan an yi mini faɗan da na cancanta.

Saura kaset talatin a gabana tsirara, ban san wanne ne na kowa ba, wanne ne na gida, wanne ne aka ce kada a ji. Ga gwangwani cike da guntayen zare da ba za su gaya mini daga inda na yanko su ba. Hanya ɗaya ce ta rage. Na ɗauki jakar Yaya da rakodarsa, na ɗibi zare kala uku daga kantina, na hau bayan kamyo ina ɗan shekara sittin da ɗoriya, da ciwon gwiwa.

Tahifet na fara zuwa. Fatimata ta karɓe ni, ta ba ni shayi, ta yi mini hirar rumman da ƙarancin ruwa, da na taɓo zancen kaset sai ta ce rana ta yi, mota za ta bar ni. Na koma bayan wata guda, ta sa ni taya mijinta kwashe yashi daga hanyar ruwan lambu, ni da ban taɓa riƙe shebur ba. A zuwa na uku ne ta miƙo hannu, na ba ta kaset ɗin uwarta, ta zaɓi kore ta naɗa ta ƙulle. Ta ce ba ta yafe mini don na cancanta ba, ta yafe ne don Malam ya taɓa tafiya a ƙasa daga bakin hanya har gidansu don kawai ya kawo wa tsohuwar tata kwafin waƙar. A hanyar dawowa ne na gane zuwa ukun nan da nake yi wa Yaya dariya a kai. A na farko baƙo ne kai, kuma mutanen nan ba sa iya ce wa baƙo a'a. Yana jira ne sai sun saba da shi har za su iya hana shi.

Shekara uku na yi ina wannan yawo, ina rufe kanti ina buɗewa. A Tazrouk na iske wani tsoho mai awaki, na sa masa waƙar jan ruwa da ya yi yana da ƙarfinsa, ya saurara baki buɗe, ya tambaye ni wane ne wannan mai murya haka. Da na ce shi ne, ya yi dariya har da hawaye, ya ɗaura fari ya ce a kai wa duniya ta ji. A Silet ɗan wani muƙaddami, jagoran zawiya, ya karɓi zikirin mahaifinsa ya ce ba zai ɗaura komai ba, kaset ɗin ma ba zai koma da ni ba, na ce ya yi daidai. Wata tsohuwa kuma ta gaya mini baƙi ta ɗaura a da, saboda wanda ta yi wa waƙar yana raye kuma ba mijinta ba ne, yanzu duk sun mutu sai ita, in ba ta fari. Inda na tarar mai waƙa ya rasu, na nemi ƴaƴansa. Wasu sun tuna launin, wasu suka zauna suka yi shawara.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Na tabbata wani ɓangaren zai burge shi. Yaron da ke ɗaukar bulo a nan yana aika wa uwarsa muryarsa a ƙauyen Maradi ta ji kafin ya sauke na biyu, ita ma ta maido masa da tata. Begen da Yaya ya yi tafiyar kwana biyu kafin ya ji, yau yana aljihun kowa. Shi da ya sha fama da batir da zaren kaset da zafi ke narkarwa, ai da ya yi ta juya wayar nan yana murmushi. Amma na san inda zai tsaya. Ranar Juma'a a zawiya yanzu, da an fara zikiri sai ka ga hannuwa sun tashi sama da wayoyi, wani dattijo shauƙi ya ɗebe shi yana kuka, kafin magariba fuskarsa ta kai Kano da Yamai, ba wanda ya tambaye shi. A wurin biki haka, a wurin makoki ma haka. Ba zan yi wa samarin nan wa'azi ba, domin ni da furfurata na fi su ɓarna, da almakashi na yi tawa. Ina jin shi ma ba zai yi musu faɗa ba, zai zauna ne kusa da mai wayar, ya bari a tashi, ya ce masa, "Ka tambaye shi kuwa?"

Bara wani malamin jami'a mai mutunci ya zo takanas don akwatunan. Fararen na ba shi ya juye duka, da farin cikina, don abin da aka yi su domin shi ke nan. Korayen ina mayar wa masu su ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga baƙaƙen, ya roƙe ni, ya ce kaset ba ya daɗewa, nan da wasu shekaru ba abin da zai rage a cikinsu sai shuu, kuma ana iya juyewa ba tare da an saurara ba. Na fahimce shi, hujjarsa mai ƙarfi ce. Na ce masa waɗanda suka ɗaura baƙin zaren nan akwatin Ma'azu suka yarda da shi, ba su san wani wuri ba, ni kuma na riga na ga abin da ke faruwa idan murya ta bar akwatin. Ya tafi ransa ba daɗi, ni ma nawa haka.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na daɗe ban yi rubutun nan ba. Cikin kaset-kaset ɗin da na yanke wa zare, akwai guda ɗaya da ba suna ba gari a jikinsa, takardar fara fat. Na bar shi ƙarshe. Da na gama da sauran, wata ranar Talata bayan azahar na rufe ƙofar kanti, na sa shi a rakoda don in ji ko zan gane harshen, in san inda zan dosa. Da farko ƙarar dutsen niƙa ce, da kukan zakara daga nesa. Sai na ji tari, irin ɗan tarin nan da take yi kafin ta yi magana. Tun kafin ta buɗe baki na san Inna ce.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na kashe ba. Na saurara har ya ƙare, ina zaune a kan dilar atamfa, hawaye na zuba. Sai da rakoda ta yi ƙas ta tsaya sannan hankalina ya dawo, na tuna ranar rasuwarta, da benci, da maganar da na gaya masa, da shigarsa ɗaki ya daɗe. Na kira Hadiza, ban ko gaishe ta da kyau ba, na ce akwai kaset marar suna.

"Baƙi ne, Habu," in ji ta. "Inna ce ta ɗaura, zuwansa gida na ƙarshe. Ran da ka yi kukan nan, ya shigo ɗaki ya fito da shi daga akwati, ya riƙe a hannu, na ce masa mi zai hana, ai ɗanta ne kai ma. Ya ce ta san da kai sanda ta zaɓa. Ya maida shi ya fita ya dafa muku shayi. Shi kansa bai ƙara jin sa ba tun ran da ya ɗauka."

Na yi fushi da shi, in faɗi gaskiya. Kwana biyu ina faɗa da mamaci a raina. Ƙanenka yana kuka a tsakar gidanka, maganin kukan yana hannunka, uwar kuma ta riga ta tafi, wa zai sani? Sai na ga ai wannan tambayar ita ce duk bambancin da ke tsakanina da shi. Tsofaffin nan na Tazrouk da Silet da Tahifet sun buɗe masa abin da ba su buɗe wa ƴaƴansu ba saboda sun ga mutum ne da ba ya tambayar wa zai sani. Ya zaɓi in zage shi, in riƙe shi da taurin zuciya har ya mutu, a kan ya kwance ƙullin da tsohuwa ta yi. Ni kuma na ɗauki shekaru ina ce wa mutane yayana mai ilimi ne amma bai san darajar uwa ba.

Littattafansa biyu suna nan, masu nazari suna ambatonsa jefi-jefi, wasu sun yarda da ra'ayinsa a kan hanyar da muryoyi suka bi, wasu suna musu, kuma ba ni da ilimin da zan raba gardamar. Fararen kaset-kaset sun tsira, ana jin su. Abin da ni na gada daga gare shi ba ya cikin waɗannan. Yana cikin akwati na uku, inda muryoyin da ba wanda zai ji suke kwance, kowacce da ƙullinta, yadda masu su suka bar su.

Na san wasunku za su so su ji abin da Inna ta faɗa a bakin dutsen niƙan nan, ko ta ambace ni, ko me ya sa ta ɓoye. Ba zan gaya muku ba. Ƴaƴana ma sun tambaya ban gaya musu ba, ni ɗin ma ba a so na ji ba. A ranar da na yi waya da Hadiza na buɗe gwangwanin shayi, na zaro guntayen baƙin zare na ƙuƙƙulla su har suka kai tsawon da zai naɗe kaset, da fatan nata yana ciki. Na ɗaura, na mayar da shi cikin ƴan'uwansa, na rufe akwatin. Rakodar tana kan kanta a kanti, batir sabo a ciki, kuma ba ranar da ba na tuna cewa muryar uwata tana ƙarƙashin gadona tana gogewa a hankali. Shekara biyu ke nan ban taɓa ƙullin ba. Allah ya jiƙan Yaya Ma'azu da Inna, ya haɗa su inda za ta yi masa waƙar da bakinta, ni kuma ya ba ni ikon barin zaren nan yadda yake har in iske su.